Biliyan 58 na Spotify: Ina Rabon Kuntigin Ɗan Maraya?

A watan Maris na 2025 kamfanin Spotify ya bayyana cewa mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a manhajarsa cikin 2024, ninki biyu da ɗoriya na biliyan 25 ɗin 2023. Tun daga nan ake ta yayata adadin, har wasu matasa a Jos suka ɗauka duk wanda ya shiga situdiyo ya rera baiti biyu ya ɗora a intanet, to ya haye. Abin da kamar wuya.

Kamfanin yakan tara kuɗin masu biyan wata da na talla a kowace ƙasa, ya cire kasonsa, ya raba ragowar gwargwadon yadda aka saurari kowa, kuma sai kuɗin ya bi ta hannun kamfanin faifai ko dillali kafin ya iso ga mawaƙi. Da manhajar ta shigo Najeriya a 2021, naira 900 ake biya a wata, saboda haka sauraro dubu daga Bukuru bai kai darajar dubu daga Landan ba. Tun 2024 kuma, waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ko sisi ba ta samu. Bahaushe mai sauraro kuwa ya fi karkata ga YouTube da Audiomack da Boomplay, in data ta yi tsada, musamman bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, sai ya nufi shagon masu tura waƙa a kasuwar Taminus a cika masa memori. A wannan cinikin mawaƙi ba ya ganin komai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne waƙoƙinmu na da. Rayfield, unguwar da Turawan haƙar kuza suka kafa har raminsu ya zama tafkin shaƙatawa, nan ne mazaunin gidan rediyo da talabijin na jihar Filato, wato PRTVC mai tashar Peace FM 90.5, nan kuma kwalejin talabijin ta NTA take. A cikin Jos ɗin ne Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da ma'ajiyar ƙasa ta fim da bidiyo da sauti. Garin da ya tara waɗannan bai kamata a ce tarihin kiɗansa na yawo a intanet ba uwa ba uba ba.

Ɗauki Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, haifaffen Bukuru a 1946, wanda ya rasu a Yunin 2015. Kuntiginsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak, amma da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya soki auren dole, ya zagaya ƙasashen duniya. Yau ka nemi sunansa a YouTube: za ka tarar da waƙoƙin da aka kwafo daga kaset ɗin da ya sha jiki, sauti na shuu, ba shekarar ɗauka, ba sunan wurin da aka ɗauka, wani lokaci ma da sunan waƙar da ba nata ba. Wanda ya ɗora ya yi abin kirki ta wata fuska, domin ba don shi ba da yaran yanzu ba su ji ba. To amma magada fa? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sai dai ɗaukar sautin kanta shekara 50 take samu. Ke nan faya-fayan farkon shekarun 1970 sun fara fita daga kariya, muna nan muna musu a kan biliyoyin Spotify.

Kaset ma ba ya jiran kowa. Zarensa yakan manne, ya yi fumfuna, injinan kunna manyan faya-fayan rediyo kuma an daina ƙera su, masu gyaransu suna ta ƙarewa. Tun 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyun sauti ta duniya, IASA, suka yi gangamin jan kunne a kan haka. Haɗarin bai tsaya ga Hausa ba. Kiɗan Birom na bikin Nzem Berom, waƙoƙin Ngas da Tarok da Mwaghavul, da hirarrakin dattawan da suka ga zamanin kuza, duk a irin wannan zaren aka naɗe su, kuma babu wani kamfani irin Spotify da zai zo ya cece su don Allah.

Gwamnatin Filato da shugabannin gidajen nan na Rayfield su buɗe ɗakunan ajiya, a ƙidaya abin da ke ciki, a mayar da shi na kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da shekara da harshe, sannan a zauna da magada a yi yarjejeniya kafin a ɗora. Jami'ar Jos na da ɗaliban da za su iya aikin. Kai kuma mai karatu, in akwai kwalin kaset ɗin mahaifinka a ƙarƙashin gado, kada ka bari a zubar da shi a shara, nemi wanda zai kwafe maka tun zaren bai tsinke ba.