Baƙon da Ba Ya Sallama

A watan Agusta na shekarar 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, kuma waɗanda suka shaida farkon al'amarin ba su manta ba cewa kuɗin layi kaɗai, ban da ita kanta wayar, ya fi ƙarfin talaka. Da yawa daga cikin jariran da aka haifa a waccan shekarar yanzu su ma iyaye ne, abin da kuma aka saya domin kira da amsawa ya rikiɗe, sannu a hankali, bayan ɓullowar Facebook a 2004 da YouTube a 2005 da WhatsApp a 2009 da TikTok a 2017, ya zama kasuwa da majalisa da gidan kallo a cikin aljihu guda.

Magabatanmu, da suka tsara gida da zaure da shigifa kafin a kai tsakar gida, ba don ado suka yi ba. Hikimar ita ce kada baƙo ya isa ga iyali sai ya yi sallama an san ko wane ne shi, har ma saurayin da ya zo zance a zaure yake tsayawa, galibi da ƙanwar yarinyar a gefe tana jin abin da ake faɗa. Wayar da ke hannun yaro baƙo ce da ba ta sallama, tana shigo da mutanen da uba bai taɓa ganin fuskarsu ba har bakin shimfiɗar ɗansa, a sa'ar da shi uban ya kulle ƙofa ya kwanta yana zaton gidansa a tsare yake.

Wajibi ne a fara fahimtar yadda aka gina waɗannan dandamali, domin wanda bai san tushen abu ba zai ɗora laifinsa inda ba nan ba ne. Kyauta ake shigarsu, ribar masu su kuwa daga talla take fitowa, saboda haka kowane minti da mutum ya ƙara a kai kuɗi ne gare su. Shi ya sa aka tsara na'urar ta riƙa lura da hoton da ido ya daɗe a kansa, ta kawo wani irinsa, ta sake kawo wanda ya fi shi zafi, ba tare da ƙarshe ba. Yaron da ya kasa ajiye waya, ba lalle ne taurin kai ya hana shi ba. Da ƙwararrun da ake biya albashi don su riƙe hankalinsa yake kokawa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san dandalinsa na Instagram yana sa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu. A Ingila kuma, a 2022, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar cewa abubuwan da Molly Russell, yarinya 'yar shekara 14, ta yi ta kallo a waya suna cikin dalilan halaka kanta da ta yi a 2017. Sharaɗin shekara 13 da ake gani wajen buɗe shafi kuwa, ba hukuncin likitoci ba ne cewa ɗan shekara 13 ya mallaki hankalinsa; asalinsa wata doka ce ta Amurka ta 1998 game da tattara bayanan yara, kuma duk yaron da ya iya lissafi ya san yadda zai sauya shekarar haihuwarsa.

Hukumomin wasu ƙasashe sun farga. Faransa ta hana waya a makarantun yara 'yan ƙasa da shekara 15 tun 2018, ƙasar Sin ta taƙaita wasannin intanet ga yara zuwa awa 3 a mako a 2021, Ostiraliya kuma ta yi doka a 2024 mai hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi. Mu dai a nan, nauyin yana wuyan iyaye.

Fitinar da na fi so a tsaya a kanta ita ce ta masu cin amana da hoton tsiraici, domin ita ce ta fi saurin kisa, kuma ita ce aka fi jin nauyin ambata. Mugu yakan buɗe shafi da hoton wata budurwa, ya yi ta jan yaro da hira har ya sa shi ya aiko da hoton al'aurarsa, daga nan sai murya ta sauya: ko kuɗi, ko a watsa hoton ga dangi da 'yan makaranta. Haka aka yi wa Jordan DeMay, ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka, a watan Maris na 2022, kafin gari ya waye ya kashe kansa. Waɗanda suka yi masa kuwa wasu 'yan'uwa biyu ne daga Legas, aka miƙa su Amurka, aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A 2024 ɗin kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. To, in masu aikin a cikinmu suke, da wace hujja za mu ɗauka 'ya'yan Turawa kaɗai suke farauta? A wajenmu ma tarkon yarinya ya fi sauƙin ɗanawa, da katin waya da data da alkawarin aure, kuma barazanar ta fi nauyi, tunda ta san hoto guda ya isa ya ɓata sunan gidansu ya kori manema.

Jarin wannan azzalumi duka kunya ce da tsoro, kuma a nan ne tarbiyyarmu, duk da alherinta, take da kafa. Akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari wanda uwa ba ta ko kama sunansa, ga kuma bulala da yaro ya san ita za ta fara tarbarsa. Sai ya gwammace ya saci kuɗi ya biya, ko ya haɗiye baƙin ciki shi kaɗai, da ya buɗe baki a gaban mahaifinsa. Kunya ɗabi'a ce ta imani, ba na kira a tuɓe ta. Amma al'adar da ta sa shamaki tsakanin ɗa da uba, ita ce kuma ta sa wasa tsakanin jika da kaka, ta sa sakewa tsakanin yaro da kawunsa ko gwaggonsa. Sai a zaɓi amintacce daga cikinsu, a gaya wa yaro ƙarara tun abu bai faru ba cewa komai munin abin da ya same shi a waya, ga wanda zai je wurinsa, kuma ceto za a fara yi kafin faɗa. In kuwa ya faru, kada a biya ko sisi, domin mai karɓa ba ya ƙoshi. A adana saƙonnin a matsayin shaida, a toshe mutumin, a kai ƙara, tunda dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazana.

Sauran matakan ba su da wuyar faɗi. Yaron da buƙatarsa kira ce, ƙaramar waya mai maɓallai ta ishe shi. Wayoyin yara su kwana a ɗakin iyaye bayan sallar isha'i, musamman da yake da dare ne data take araha. Akwai manhajar Family Link a wayoyin Android da Screen Time a iPhone, masu ƙayyade lokaci da irin abin da za a buɗe, uban da bai yi boko ba kuma ba abin kunya ba ne ya nemi wani ɗan'uwa ya saita masa, maimakon ya miƙa wa yaron da ake son tsarewa. Dubawa kuwa a yi ta a sarari bisa sharaɗin da aka gindaya ranar da aka ba da wayar, domin leƙe a ɓoye ɓuya yake koya wa yaro. Ku kuma iyaye masu ɗora hotunan 'ya'yanku sanye da kayan makaranta, da sunansu da unguwarsu, ku daina, don da hannunku kuke nuna wa mugu hanya.