Launin Riga Yana Tona Halin Mutum? Abin Da Ya Tabbata Da Abin Da Ba Shi Da Tushe

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp da TikTok, wanda wayoyin mutanen Birnin Gwari ma ba su tsira daga gare shi ba, mai raba jama'a gida-gida bisa launin tufafinsu. Wai mai son ja mafaɗaci ne, mai yawan sa baƙi yana da ƙulli a zuci, mai shuɗi ɗan amana ne, mai fari kuwa zuciyarsa tas. A ƙarshe sai a ce masana sun tabbatar.

Masana ba su tabbatar ba. Wanda ya shahara da wannan ra'ayi shi ne Max Lüscher, mutumin Suwizalan, da ya fito da wani gwaji a 1947. A sigar gwajin da ta fi yaɗuwa, ana ba mutum kati 8 masu launi daban-daban ya jera su yadda yake so, sannan a karanta masa halinsa. Masu binciken da suka biyo baya sun auna gwajin, ba su same shi abin dogaro ba.

To me ya sa mutum kan karanta saƙon ya ce wallahi ni ne? A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin halinsu a rubuce, kowa da takardarsa. Da suka auna yadda bayanin ya dace da su, maki ya haura 4 cikin 5. Ashe rubutu iri ɗaya ya raba musu duka. In magana ta yi faɗi sosai, kowa zai ga kansa a ciki.

Ballantana a ƙasar Hausa, inda sau da yawa ba mutum ne ke zaɓar launin da ke jikinsa ba. Ƙawayen amarya da suka fito cikin jan anko ba su tashi da zafin rai a rana ɗaya ba, amarya ce ta fitar da atamfar. Shaddar Sallah ta yaro uba ne ya yanko, gwargwadon aljihunsa. Manomin Randagi ko Kuyello a yankin Birnin Gwari yana shiga gona da riga mai duhu ne don ta fi ɓoye datti. Ja da koren da ke jikin dogarai alamar aikin fada ce, farar rigar Juma'a kuma sunna ake bi.

Ja ya fi kowane launi shan zargi. Ana cewa yana tunzura bijimi, alhali shanu ba sa bambance ja da kore yadda mutum ke yi. A wasan bijimai na Sifaniya ma kaɗa ƙyallen ne ke jawo bijimin. Ana kuma hana yara sa jan kaya in hadari ya haɗo, wai yana kiran tsawa. Tsawa ba ruwanta da launi. Abin da ke jefa mutum cikin haɗari shi ne tsayawa a fili fetal, ko fakewa ƙarƙashin doguwar bishiya, ko zama cikin ruwa. Manomin da ya cire jar hula ya ruga gindin ɗorawa bai tsira ba, gara ya nemi gini ko mota.

Amma a daji akwai inda launi ke da tasiri na gaske. Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, yana bin shuɗi da baƙi. Shi ya sa tarkonsa, irin wanda masu bincike ke kafawa a bakin rafi, ake ɗinka shi da shuɗin yadi da baƙi: shuɗin ya jawo shi daga nesa, baƙin ya sa ya sauka. Cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa ma a garin Kaduna take. Duk wanda kiwo ko neman itace zai kai shi duhuwar rafi a gefen dajin Kamuku, gara ya sa kaya masu kauri da dogon hannu, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Ƙudan zuma ma ya fi far wa kaya masu duhu, dalilin da ya sa masu kiwon zuma na zamani ke sa farare.

Idon ɗan Adam ma launi na ruɗarsa. A 2005 Russell Hill da Robert Barton na Jami'ar Durham a Ingila sun duba dambe da kokawa da taikwando a gasar Olamfik ta 2004, suka ga masu jan kaya sun ci kusan kashi 55 cikin 100 na karawar, alhali ba su suka zaɓi launin ba. A 2008 aka nuna wa alƙalan taikwando a Jamus bidiyon faɗa iri ɗaya, aka musanya launin 'yan wasan da kwamfuta, sai maki ya karkata wajen mai ja. Tun a 1988 wani binciken Jami'ar Cornell ya gano cewa ƙungiyoyin wasa masu baƙaƙen riguna sun fi shan hukunci, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne yadda alƙalai ke musu kallon masu mugunta.

Nan ne maganar ta wuce abin nishaɗi. Idan ƙwararren alƙali zai zalunci ɗan wasa saboda launin rigarsa, ina ga mutumin da ya shafe shekaru yana kwana da fargaba? Mutanen Birnin Gwari sun fi kowa sanin yadda tufafi ke yaudara, domin 'yan bindiga sun sha tare hanyar Kaduna sanye da kakin soja, direba ya tsaya yana zaton jami'an tsaro ne. Rigar da ta ɓoye mugu kuma tana iya jawo wa mai gaskiya bala'i: baƙo mai baƙin rawani, ko makiyayin da ya rufe fuska saboda ƙura, a yi masa ca kafin ya buɗe baki.

Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, baƙin fuskoki sun dawo cikin jama'a, amanar da ake ginawa kuma ba ta yi ƙwari ba tukuna. Don haka 'yan sa-kai da masu unguwanni da sauran jama'a su dubi abin da mutum ya aikata da abin da yake ɗauke da shi, in sun ga abin zargi su kai wa hukuma, kada a taɓa kowa saboda launin kayan jikinsa.