Ɗan da ya ce "to" da ɗan da ya tafi gona

A makarantun gwamnati na ƙasar Ghana akwai darasin addini da tarbiyya, inda yaro ke koyon abin da Musulunci da Kiristanci da addinin gargajiya suka ce a kan zaman duniya. Ni malamin wannan darasi ne, saboda haka dole na buɗe Baibul, duk da cewa a makarantar allo na fara karatu. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan Kiristoci ne, mu Musulmi kuwa kusan kashi 20. Wanda ke zaune a tsakiyar mutane haka, ya kamata ya san da wane mudu suke awo.

A babi na 21 na littafin Matiyu akwai wani misali da aka jingina wa Annabi Isa (AS). Wani uba ne mai 'ya'ya biyu ya tura na farko aiki a gonar inabi. Yaron ya ce ba za shi ba, amma daga baya ya sake tunani ya tafi. Uban ya je wa na biyu, shi kuma ya amsa da ladabi cewa zai je, sai dai ko ƙofar gonar bai leƙa ba. Tambayar da aka yi wa masu sauraro ita ce, wane ne a cikinsu ya yi abin da uban ke so? Duk ajin da na yi wa wannan tambaya, amsa ɗaya suke bayarwa: na farko. Amma in na ce, to wane ne baƙo zai yaba da tarbiyyarsa a ranar? Sai aji ya yi tsit, don kowa ya san mai daɗin bakin ne.

Babi na 7 na littafin ya kwatanta mutum da itace, wanda ake gane shi ta 'ya'yan da ya yi. Wasiƙar Yakubu, babi na 2, ta kawo mutumin da ya ga ɗan'uwansa ba riga ba abinci, ya bi shi da fatan alheri ya sallame shi hannu wofi. Akwai kuma labarin Yowab a littafin Sama'ila na biyu, wanda ya gaida Amasa da sunan ɗan'uwa, ya kama gemunsa kamar zai sumbace shi, alhali takobi na ɗaya hannun.

Ba aƙida muke ɗauka a nan ba, aƙidarmu tana cikin Alƙur'ani da Sunna. Amma wannan darasi ba baƙo ba ne a gidanmu. Farkon Suratus Saffi ya tsawata wa muminai a kan faɗin abin da ba sa aikatawa, kuma saɓa alkawari na cikin alamomi uku na munafuki da hadisi ya lissafa.

To, ina ruwan mutumin zango da wannan? Ruwansa da tsaki kuwa. Duk shekara huɗu, in zaɓen Disamba ya gabato, sai ka ga manya sun saka kaftani da hula sun shigo Nima ko Aboabo, suna sallama da "insha Allah" kamar limamai. Mu kuma sai daɗi ya kama mu, wai an girmama mu. Kafin ka tafa, tambayi kanka: kwatar da ya ce zai gyara wancan karon fa? Ajin da ya ce zai yi wa rufi fa? Haka abin yake ga mai neman auren 'yarka, da mai karɓar kuɗin adashi, da dillalin da ya ce zai kai ɗanka aiki ƙasashen Larabawa. Romon baka ba ya cika tumbi.

A ɗaya gefen, mun ga aikin da ya fi dogon jawabi. A watan Afrilun 2019, Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana bikin cika shekara 100, ya taka da ƙafarsa zuwa cocin Katolika na Christ the King a Accra. Maganar zaman lafiya kowa na yi, amma wannan zuwan shi maƙwabtanmu suka riƙe.

Sai dai a yi hattara. Sanin abin da ke cikin zuciya na Allah ne shi kaɗai. Lokacin da Usama bin Zaid ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen yaƙi, yana ganin tsoro ne ya sa shi, Manzon Allah (SAW) ya yi masa faɗa sosai, ya tambaye shi ko tsaga zuciyar mutumin ya yi. Saboda haka aikin mutum ba ya ba mu damar yanke masa wuta ko aljanna. Abin da yake ba mu shi ne sanin wanda za mu damƙa wa amana, ko ƙuri'a, ko 'ya.

Kuma kar a yi saurin cire rai da ɗan da ya ce a'a. Yaron da ke gunaguni in an aike shi, sau da yawa shi ne za ka tarar ya ɗebo ruwan. A ba shi lokaci, a kuma sa ido a kan mai cewa "to, Baba" tun ba a rufe baki ba. Allah Ya sa aikinmu ya gaskata bakinmu.