Tasirin jiƙuwar bango a kan tafasar ruwa cikin siraran magudanai

A shekarar 1981, Tuckerman da Pease na jami'ar Stanford, a Amurka, sun nuna cewa ruwa mai bin magudanai masu faɗin mikiromita 50, waɗanda aka sassaƙa a jikin silikon, yana iya kwashe zafin wat 790 daga kowace santimita murabba'i. Ruwan nasu bai tafasa ba. In ya tafasa riba ta fi yawa, domin kilo guda na ruwa yana shanye kilojul 2257 wajen zama tururi. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda halin bangon magudana yake sauya wannan tafasa.

Ana auna jiƙuwa da kusurwar da ɗigon ruwa yake yi da bango, watau angle de contact, wadda Young ya bayyana tun 1805. In ba ta kai digiri 90 ba, ruwa yana shimfiɗuwa. In ta wuce, sai ya dunƙule, kamar a kan Teflon.

Bango mai ƙin ruwa yana riƙe iska cikin ƴan ramukansa, don haka kumfa take fitowa da wuri. A bango mai son ruwa kuwa, ruwa yakan cika ramukan, tafasa ta yi jinkiri, kuma in ta zo takan zo da ƙarfi. Tururi ya fi ruwa cin wuri wajen sau 1600, sai ya tura ruwa baya zuwa mashiga, zafin bango ya riƙa hawa da sauka.

Da zarar tafasa ta kankama, lamarin yana juyawa. Cikin tukunya kumfa tana tashi sama ta fashe, amma cikin magudanar da ba ta kai milimita ba, ba ta da wurin zuwa. Takan cika faɗin magudanar, ta miƙe. Tsakaninta da bango akwai wani siririn shafe na ruwa, kuma ta nan ne yawancin zafi yake fita. Bango mai son ruwa yana kiyaye shafen, yana sake jiƙa inda ya bushe. A mai ƙin ruwa shafen yakan tsage, tururi ya manne, bango ya bushe, zafi ya haura nan take, na'urar da ake sanyayawa ta ƙone. A ganinmu wannan haɗari ya fi jinkirin tafasa muni.

Shi ya sa ake haɗa halayen biyu: ƴan tsibirai masu ƙin ruwa a kan bango mai son ruwa, kamar yadda Betz da abokan aikinta suka gwada a 2010. Gwajin nasu na ruwa ne mai tafasa a tsaye, ba mai gudana ba, saboda haka ba a ɗora sakamakonsa kai tsaye a kan magudanai.