Saurin Juya Katako a Injin Sassaƙa na CNC

Injin CNC yana sassaƙa ƙafar gado ko ta kujera ta hanyar juya katakon a kan sandar da ake kira A, bakin yanka kuwa yana bin tsawonsa. Matsalar tana wajen lissafi: tafiyar miƙe da milimita ake auna ta a minti, juyi kuma da digiri.

Kaurin katako ne ke haɗa su. Mai kaurin milimita 100 kewayensa kusan 314 ne, don haka idan ana son bakin ya ci milimita 1,000 a minti, sai a juya shi digiri kusan 1,146 a minti. Mai kaurin 50 yana buƙatar ninkin haka. Idan aka bar lambar juyi ɗaya ga kowane katako, siriri zai ƙone, kakkaura kuma ya karya baki.

Umarnin G93 yana sauƙaƙa aikin, domin lokacin kowane motsi ake ba injin, shi ya daidaita sauran.

Ga kafinta a Zuru, irin itacen ma abin dubawa ne. Maɗaci da kawo suna da tauri, sai an rage gudu, a kuma yanka sama-sama.