Yaya Ake Auna Tasirin Malami?

A jami'a mun tarar da wata tambaya da malamanmu kansu ke muhawara a kanta: da wane ma'auni za a gane malamin da ya fi yin tasiri a fagen bincike?

Ma'aunin da ya fi yawo a yau shi ne ƙirga ambato. A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro wani lissafi mai sauƙi. Idan malami yana da rubuce-rubuce 10, kuma wasu masana sun ambaci kowannensu aƙalla sau 10, to makinsa 10 ne. Shafin Google Scholar yana nuna wannan maki a gefen sunan mai bincike.

Sai dai lissafin yana ganin takarda ne kawai. Ba ya ganin sa'o'in da malami ya yi yana gyara wa ɗalibi aiki, ko ɗalibin da ya kusa barin karatu amma malami ya riƙo hannunsa.

Mu 'yan ƙasar Gwandu, daga Cheberu har Kalgo, mun gaji wani ma'aunin daban. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya, tare da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Ya fara da mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, sannan yayansa Shehu Usmanu, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da sauransu. Duk wanda ya bi jerin zai ga girman Malam Jibrilu: almajiransa biyu, Shehu da Abdullahi, sun koyar da ɗimbin jama'a, kuma har yau ana karanta tafsirin Abdullahi, Liya'ut Ta'wili, a zaurukan malamai.

Masana lissafi na duniya ma sun bi wannan hanya. Akwai wani kundi a intanet, wanda Harry Coonce ya assasa a Amurka, da ke ɗauke da sunayen masana sama da 250,000. An rubuta kowa da malamin da ya duba masa aikin digirin digirgir da kuma ɗaliban da shi ya yaye. Salsala ce irin ta zaure, sai dai a kwamfuta.

Ƙannenmu, wata rana za ku shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko ta Aliero, kuma a shekarar ƙarshe za a haɗa ku da malamin da zai duba muku aikin bincike. Yawan takardunsa abin dubawa ne, amma ku tambayi waɗanda suka gabace ku: yana karanta aikin ɗalibi? Ina ɗalibansa suke yanzu, kuma su wa suke koyarwa?

Tun daga yau kuma ku ware shafi ɗaya a bayan littafinku, ku rubuta sunan kowane malami da abin da kuka koya a wurinsa, kamar yadda Malam Abdullahi ya yi.