2.3 Matsayin Shaidar NCE da ta IJMB Wajen Shiga Jami'a

Ɗalibin da ya kammala sakandare a yankin Baturiya, cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, yana iya shiga jami'a ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, inda zai fara daga aji ɗaya. Ta biyu kuwa ita ce shiga kai tsaye, wato a ɗauke shi aji biyu bisa wata shaidar da ya samu bayan sakandare.

Abin lura a nan shi ne, jami'a ba ta ƙirga darussan da ɗalibi ya ci ɗaya bayan ɗaya. Shaidar take dubawa gaba ɗaya, sannan ta yafe masa shekara guda. Misali, wanda ya yi shekara uku yana NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, sai ya ƙara uku a Jami'ar Bayero ta Kano, jimla shida ke nan a kan digirin shekara huɗu. Shi kuwa mai IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, kimanin shekara guda yake yi kafin aji biyu.

Ga iyalin da ya dogara da kamun kifi da noman fadama, ƙarin shekara biyu ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Sai dai mai NCE yana da takardar koyarwa a hannu ko da kuɗi sun yanke, alhali IJMB ba ta koyar da wata sana'a.